Yadda ake farfaɗo da tsohon jirgin faiba: sababbin azaru da sabon daɓe

Masu sayar da jirgin faiba sukan ce ba ya ruɓewa, kuma rabin maganar gaskiya ce. Gangar jirgin, wato ƙoƙon da ke zama a kan ruwa, faiba ce, wato zaren gilashi da aka jiƙa da rezin, wani ruwan ɗanko mai kauri, ya daskare. Gara ba ta cinsa, ruwa ba ya narkar da shi, yana iya shekara 40 yana aiki. Sai dai akwai katako a ɓoye a ciki. Daɓen da kake takawa filawud ne aka lulluɓe da faiba. A ƙarƙashinsa akwai dogayen azaru, biyu ko huɗu, kwance daga gaba zuwa baya, waɗanda masu sana'ar ke kira sitiringa. Su ne ke hana gindin jirgi lanƙwashewa in yana sarar igiyar ruwa. Allon baya, inda ake rataya inji, shi ma filawud ne a tsakiyarsa.

Ruwa na samun hanya ta ramin sukurun kujera ko ta wata tsaga da ba a kula da ita ba. Da ya shiga sai ya rasa mafita, domin faibar da aka sa don ta tsare katakon ita ce kuma ke hana shi bushewa. Katako kuwa in danshinsa ya haura kashi 20 cikin 100, ya daɗe a haka, ruɓa ta samu wurin zama. Wannan ciwon iri ɗaya ne, ko jirgin yana jigila tsakanin Yawuri da ƙauyukan tafkin Kainji, ko na yawon shaƙatawa ne da aka shigo da shi Legas na hannu daga Amurka.

Fara da bincike kafin ka sayi ko buroshi

Taka daɓen ko'ina da dugaduganka. Inda ya lotsa, ka yi alama da alli. Ka ɗauki ƙaramar guduma kana ƙwanƙwasawa: lafiyayyen wuri yana amsawa da kaifin sauti, wanda ya ruɓe yana yin dum-dum. Daga nan ka huda azara da ƙaramin bakin dirila, kusa da gindinta, ta bayan jirgi inda ruwa ke taruwa. Dubi abin da bakin ya fito da shi. Garin katako mai haske, busasshe, alamar lafiya ce. Baƙin gari mai danshi da wari, ko ruwa ruwan kasa yana tsattsafowa, ya gama ba ka amsa. Ka yi wa allon baya irin wannan hujin ta ciki, sannan ka ɗaga ƙafar injin ka danna ta da ƙarfi, wani na kallon allon. In ya motsa ko kaɗan, ya tafi.

Kada ka yarda da shawarar nan ta a shimfiɗa sabon filawud a kan tsohon daɓe a wuce wurin. Kitso ne a kan ƙwarƙwata. Daɓe ba kasafai yake ruɓewa shi kaɗai ba, galibi ruɓar daga ƙasa take tasowa, kuma sabon filawud nauyi kawai zai ƙara wa jirgin da azarunsa suka riga suka mutu.

Abu na ƙarshe shi ne gangar kanta, domin ita za ta gaya maka ko aikin ya cancanci wahalarsa. Shiga ƙarƙashi ka duba ƙashin gindi, wato tudun da ya bi tsakiyar gindin jirgi daga gaba zuwa baya, musamman a jiragen da ake jan su kan yashi kullum, nan ne yake cinyewa. Ƙananan tsagu a fatar waje ba komai ba ne. Tsagar da ta ratsa har ciki, ko wurin da faiba ta rabu falle-falle mai faɗi, sai an yi tunani. A ganina, in gangar ta lalace a wurare da yawa, gara ka cire injinka ka nemi wata gangar.

Kayan aiki, da maganar rezin

Za ka buƙaci giranda ta hannu da fayafayan gurza masu kaushi, lamba 24 ko 36, da sanfefa lamba 80, zarton lantarki mai zagaye, cizal, ƙarfen ɓamɓara, dirila, sikeli, sirinji, kofunan roba masu yawa, buroshi masu arha, da rolar ƙarfe mai zara-zara ta korar iska. Sai asiton na goge wuri, da kwalaye na yanka samfuri.

Kayan kariya ba ado ba ne. Ƙurar faiba tana shiga huhu, tana sa ƙaiƙayin da zai hana ka barci. Ka nemi takunkumi mai matatar ƙura da tururin sinadari, tabarau mai rufe gefe, safar hannu, da riga mai dogon hannu da za ka ɗaure bakinta. In ka tashi aiki ka fara wanka da ruwan sanyi, kada ka cuɗa.

Rezin iri biyu ne za ka zaɓa a ciki. Foliyesta shi ne wanda aka gina yawancin jiragen da shi tun asali, shi ne kuma masu gyaran bambar mota ke amfani da shi, don haka ya fi sauƙin samu da arha. Ana daskarar da shi da hadna mai suna MEKP, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wato mililita 10 zuwa 20 a kowace lita. Efoksi ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma ya fi kama tsohuwar faiba da katako, ya fi kuma tare ruwa. Shi ana haɗa shi daidai da yadda kamfani ya rubuta, 2 da 1 ko 5 da 1, ba a ƙara hadna don ya yi sauri, in ka ƙara ɓata shi ka yi. Ka riƙe wannan: efoksi yana kama foliyesta, amma foliyesta ba ya kama efoksi da kyau. Wanda ka fara da shi, ka ƙare da shi.

Wanda ke da hali ya ɗauki efoksi. Wanda ba shi da shi kada ya karaya, foliyesta na yin aikin sarai in an gurza wuri da kyau. Bayanin da ke tafe na foliyesta ne, inda efoksi ya bambanta zan faɗa.

MEKP abin tsoro ne. Ɗigo ɗaya a ido na iya makantarwa, saboda haka ka ajiye bokitin ruwa mai tsabta kusa. Wani lokaci ana sayar da rezin tare da wani ruwa mai launin shunayya, sinadarin kobal, mai hanzarta daskarewa. Shi ake fara juyawa a cikin rezin ya gauraya, sannan hadna. Kada ka taɓa haɗa su biyun kai tsaye, wuta suke tayarwa. Sigari da injin walda su yi nesa da rumfar.

Faibar kanta akwai mat, mai gajerun zare a barbaje, mai nauyin giram 300 ko 450 a murabba'in mita. Akwai saƙaƙƙiya mai kauri, akwai kuma mai zare kwance a gicciye da aka ɗinke, wadda a Amurka ake sayar da wani nau'inta da lamba 1708. Ƙarfi yana ga biyun ƙarshe, mat ita ce mai haɗa su da juna. Wajen lissafi, murabba'in mita ɗaya na mat 450 yana shan rezin kusan kilo ɗaya, saƙaƙƙiya kuwa kwatankwacin nauyinta take sha. Mai aiki da efoksi ya guji mat ta gama-gari, domin ɗankon da ya riƙe zarenta a foliyesta yake narkewa.

Katako shi ne inda ake yawan cutar mutane. Filawud na jirgin ruwa ake nema, mai hatimin BS 1088 in an dace, falle mai faɗin mita 1.22 da tsawon 2.44. Hatimi kaɗai ba hujja ba ne. Yanki ɗan guntu ka tafasa shi a tukunya na awa biyu, in fallayen suka rabu, mayar wa mai shi. Allunan da kafintoci ke yin kabad da su, irin su MDF, ko kusa kada su zo.

Tallafe jirgin tukuna

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa su yi da-na-sani. Da zarar ka cire daɓe da azaru, gangar ta zama laɓo-laɓo, nauyinka kaɗai a ciki ya isa ya lotsa gindinta. In ka manna sababbin azaru a kan lotsattsiyar ganga, lotsawar ta zauna ke nan har abada, jirgin ya riƙa karkata ko yana noƙe hanci in ya ɗauki gudu.

Cire inji, batir, kujeru, wayoyi da mai. Ɗora jirgin a kan shimfiɗar katako da za ta tallafi ƙashin gindi daga gaba har baya, da wasu dogayen katakai biyu a hagu da dama, an naɗe su da tsohon kafet. Tirela mai ƙananan tayoyin roba ba ta isa ba, a wurare kaɗan take taɓa jirgin. Daidaita shi da ma'aunin magina har ya zauna sak. Ja zare daga hanci zuwa tsakiyar allon baya. Auna faɗin jirgin a wurare huɗu ko biyar ka rubuta, ka gicciya katakai a sama ka ɗaure su don kada bakin ya buɗe. Sannan ka ɗauki hotuna da waya, da yawa, ka zana taswirar komai a littafi: tsayin daɓe, nisan azaru daga zaren tsakiya, inda tanki yake.

Aikin na rumfa ne. Lokacin hunturu ya fi dacewa da shanya ganga, sai dai a yi ta fama da ƙura. Da damina kuwa danshi na hana rezin kamawa yadda ya kamata.

Rushewa

Saita zarton lantarki daidai kaurin daɓen, kada haƙoransa su wuce, domin a gefe-gefe gangar tana dab da ƙasan filawud, kuma a nan ne ake yi wa jirgi ɓarakar da ba a shirya ba. Ka tabbata ka san inda tankin mai da bututunsa suke kafin ka kunna. Yanka ka bar gefe mai faɗin santimita 5 zuwa 8 a zagaye, shi zai riƙa nuna maka tsayin tsohon daɓe har ka gama auna sababbin azaru. Ɓamɓare sauran gunduwa-gunduwa.

A ƙarƙashi za ka tarar da kumfa, wato wani daskararren soso marar nauyi. A Amurka tun shekarun 1970 doka ta wajabta wa ƙananan jirage da ba su kai ƙafa 20 ba su ɗauki abin da zai hana su nutsewa in sun cika da ruwa, shi ya sa ake cika ƙasan daɓe da ita. Tsohuwar kumfa tana shan ruwa. Ka caka mata shebur, za ka ga sama-sama a bushe take, fara-fara, amma can ƙasa ta yi duhu, in ka matsa guntunta ruwa ya biyo yatsunka. Kowace litar ruwa kilo ɗaya ce da injinka ya yi shekaru yana ja. Ba ta bushewa, kwashe ta duka.

Azaru kuwa kada ka yanke su gaba ɗaya a rana ɗaya. Ka fara da guda, ka ƙare ta, ka koma kan ta gaba. In ruɓar ta kai inda hakan ba zai yiwu ba, to ka bar ɗan tudun tsohuwar faibar a gindinsu ya zama maka layi har ka gama awo. Wadda ta fito da sauran siffarta ka adana ta, samfuri ce kyauta.

Gurza, aikin da ba wanda ke so

Sabon rezin ba ya narkewa ya haɗe da tsoho, kama shi kawai yake yi ta ƙananan kaushin da ka yi masa. Ma'ana, ƙarfin gyaranka duka ya rataya ne a kan wannan gurzar. Kafin ka kunna giranda, wanke cikin gangar da omo da ruwa don fitar da mai da baƙin mai, ka bari ta bushe, in ba haka ba faifan zai tura maiƙon cikin faibar.

Gurza duk inda sabuwar faiba za ta kwanta, aƙalla santimita 15 zuwa 20 a kowane gefen layin azara, da kuma zagayen inda daɓe zai haɗu da bango. Fenti, jelkot (shafin rezin mai launi da ake rufe faiba da shi) da duk wani abu mai ƙyalli su tafi, har sai ka ga tsabtatacciyar faiba mai dishi-dishi, zarenta na bayyana. Riƙe girandar a kwance, kana tafiya da ita, kada ka tsaya wuri ɗaya. Gangar ƙaramin jirgi 'yan milimitoci ce, in ka ga hasken rana na ratsowa fiye da sauran wurare, ka yi nisa. In ka huda, ba tashin hankali ba ne: fiƙe bakin ramin ya yi gangare mai faɗin ninki 12 na kaurin wurin, ka cike da fallayen faiba.

Share ƙurar, ka bar gangar ta sha iska kwanaki. Gwajin bushewa mai sauƙi ne: manna ledar da ake gani ta ciki a kan wurin da salatif, ka bar ta kwana. In da safe ka ga raɓa a ƙarƙashinta, da saura. Goge da asiton da farin tsumma sai dab da lokacin shafa rezin.

In allon baya ya ruɓe, shi ne farko

Azaru a jikinsa suke tokarewa, don haka ba a yin su kafin shi. Ta ciki ake shiga, a bar fatar waje yadda take. Yanke fatar ciki, ƙwaƙule ruɓaɓɓen katakon da cizal, gurza. Manna fallayen filawud, galibi biyu masu milimita 18, har su kai kaurin na asali, domin maƙallan inji kauri ƙayyadadde suke kamawa. Shafa kwaɓin rezin mai kauri (bayanin haɗa shi na tafe) a fatar, danna allon, ka matse shi da katakai ciki da waje, da noti ta ramukan da ke akwai tun da. Bayan ya kama, a lulluɓe shi da faiba falle uku ko huɗu, kowane ya zarce kan bango da gindi.

Sababbin azaru

Saman azara miƙaƙƙe ne, ƙasanta kuwa bin lanƙwasar ganga yake yi. Ja zare a tsayin ƙasan daɓe a kan layin azarar, ka auna daga zaren zuwa ganga duk bayan santimita 15, ka mayar da awon kan kwali, ka yanka ka gwada. Kwali ya zauna, sannan ka taɓa filawud. In jirgin ya fi falle ɗaya tsawo, manna falle biyu gefe da gefe, mahaɗar wannan ta yi nisa da mahaɗar wancan, kamar mita guda. Haɗa baki da baki a wuri ɗaya karyewa yake yi.

Goge kaifin saman azarar ya zama kewayayye. Faiba ba ta iya karya kwana mai kaifi, ɗagewa take yi ta bar iska. A gindin kowace azara da kowane allon da ya gicciya tsakanin azaru ka yanke hanyar ruwa, ka sa rabin bututun roba da aka tsaga a tsaye, yadda duk ruwan da ya shiga zai gangara baya inda matoshin zubar da ruwa yake. Sannan ka shafe katakon da rezin ko'ina, ka ninka a bakin yanka, nan ne ya fi shan ruwa.

Ga wata ƙa'ida da ba kowa ya sani ba: katako ba ya zama kai tsaye a kan ganga. Ganga tana ɗan motsi a kan ruwa, in ta riƙa bugun tauri a layi ɗaya, nan za ta tsage. Ka ɗaga azarar da kamar milimita 6 da 'yan guntayen soso mai tauri, ka cike tsakanin da kwaɓi. Kwaɓin rezin ne da garin silika, wanda ake sayarwa da sunan Cabosil ko Aerosil, da ɗan yankakken zaren faiba. Kaurinsa ya kai in ka ɗebo a sanda ka juya ta, ba zai zubo ba. Gicciya katakai a sama su riƙe azarar a tsaye, ka duba ta da zare da ma'auni. Da bayan cokali ka ja kwaɓin a kusurwar hagu da dama ya yi gangare mai santsi, don faiba ta samu inda za ta kwanta.

Yanzu sai ɗaurin, wato fallayen da ke haɗa azara da ganga. Yanka su duka tukuna, ka jera su bi da bi kafin ka buɗe galan. Na farko ya hau azara santimita 8, ya kwanta kan ganga 8. Na biyu ya zarce shi da 4 ko 5, na uku haka, don kada bakunansu su taru a layi ɗaya. Da foliyesta mat ce ke fara taɓa ganga, sai saƙaƙƙiya, sai mat kuma. Daga ƙarshe a rufe kan azarar da falle biyu da za su sauko ta kowane gefe. Ma'auninka shi ne kaurin tsohuwar faibar da ka yanke: ka kai shi, ko ka ɗan wuce.

Shafa rezin a wurin, ɗora faibar, ka riƙa dandanna ta da bakin buroshi, ba ja irin na fenti ba. Fara ce fat in ta bushe, tana shan rezin sai ta koma garai-garai har ka hango katakon ta cikinta. Bi ta da rolar ƙarfe daga tsakiya zuwa baki, za ka ji ƙananan ƙwayoyin iska na fashewa. Duk inda ya rage fari, iska ce ko ƙishirwa, ka gyara tun yana ɗanye. Rezin da ya kwanta kamar tafki kuma ba ƙarfi ba ne, nauyi ne mai saurin tsagewa.

Zafi shi ne abokin gabarka a nan. Lokacin daskarewa da ake rubutawa a jikin galan na ma'aunin zafi 25 ne, kuma kusan duk ƙarin 10 yana rage shi da rabi. A bazarar da ake kai 40, kwaɓin da ya kamata ya ba ka minti 20 zai iya kamawa kafin ka shafa rabinsa. Ka yi aiki da sanyin safiya, ka tsaya a kashi 1 na hadna, kada ka yi ƙasa da haka, ka auna da sirinji ba da ido ba. Rabin lita ya isa a kwaɓi ɗaya. Rezin mai yawa a kofi yana ɗaukar zafi da kansa har ya yi hayaƙi ya narkar da robar. Da ka ji kofi ya fara ɗumi, ko rezin ya fara kama jiki, fitar da shi waje, kada ka ce za ka yi tattali. Falle uku a zama ɗaya sun isa.

In aiki ya kwana ya daskare, sai ka bi shi da sanfefa kafin ka ɗora wani. Efoksi yakan fitar da wani maiƙo a sama, shi da ruwa da soson wanki ake cire shi, sannan sanfefa.

Tanki, daɓe da kumfa

Kafin ka rufe, duba tankin mai. Na alminiyom da ya daɗe cikin jiƙaƙƙiyar kumfa yakan yi ƙananan ramuka a ƙasa. In kana shakkarsa canza shi yanzu, da bututunsa, domin bayan an rufe daɓe sai an sake yanka. Shimfiɗa faffaɗan bututun roba da wayoyi za su bi ta ciki.

Yanke gefen tsohon daɓen da ka bari, ka gurza wurin. Yi samfurin daɓe da kwali. Filawud mai milimita 12 ya isa in tazarar azaru ba ta wuce santimita 40 ba, in ta wuce ka hau 15 ko 18. Bar ɗan sarari tsakaninsa da bango. Kowace mahaɗa ta faɗo a kan azara ko a kan wani katako da ka manna ta ƙasa. Kife fallayen ka shafe ƙasansu da rezin da mat falle ɗaya. Masana'antu da yawa ba su yi wannan ba, shi ya sa ma kake wannan aikin yau.

Zuba kwaɓi a saman azaru, ɗora daɓen, ka danne shi da buhunan yashi ko jarkokin ruwa. In ka sa sukuru don ya riƙe, ka zare su bayan ya kama ka cike ramukan. Cike sararin gefe da kwaɓi, ka ja shi da cokali, ka ɗaure daɓe da bango kamar yadda ka yi wa azaru.

Kumfar zubawa ruwa biyu ce da ake haɗawa daidai wa daida. Mai nauyin kilo 32 a kowace lita 1,000 bayan ta kumbura ita ce ta wannan aikin, kuma tana kumbura har kusan ninki 30. Huda ramuka masu faɗin santimita 5 a kan kowane ɗaki, wato sararin da ke tsakanin azaru a ƙarƙashin daɓe, ɗaga hancin jirgi, haɗa kaɗan, juya da sauri na daƙiƙa 20 zuwa 30, ka zuba. Jira ta gama tashi kafin ka ƙara. Wanda ya zuba da yawa lokaci ɗaya zai ga ta ɗaga masa sabon daɓe. Kada ka cika layin tsakiya, hanyar ruwa ce. Lissafinta mai sauƙi ne: lita 100 ta kumfa tana ɗaukar kusan kilo 97 a ruwa. Yanke abin da ya fito, mayar da ƙwallayen katakon da ka cire wajen huda ramukan, ka manne su da kwaɓi.

Inda ba a samun ta, robobin ruwa da aka ɗaure murafensu tam, aka cusa su suka cika ɗakin, suna yin aikin hana nutsewa. Farin soson da ke zuwa cikin kwalin firiji kuwa foliyesta na narkar da shi, fetur ma haka.

Rufewa da gwaji

Lulluɓe saman daɓen da mat 450 falle biyu, ko mai gicciye falle ɗaya da mat a kai, su hau bango santimita 10. Foliyestan shimfiɗa yakan zauna da danƙo a inda iska ke taɓa shi, don haka shafin ƙarshe jelkot ne mai kakin zuma a ciki, shi ke bushewa ƙarau. Don kada a zame, wanke yashi ka shanya ka tankaɗe, ka barbaɗa a kan shafi na farko tun yana ɗanye, ka share wanda bai kama ba, ka sake shafawa. Zaɓi launi mai haske, daɓe mai duhu ba ya takuwa da rana. Efoksi kuma dole a rufe shi da fenti, rana na cinye shi.

Saura ramuka, waɗanda su ne suka kashe jirgin tun farko. Kujeru da akwatin batir, gara ka manna guntayen katako a kan daɓe, ka lulluɓe su da faiba, sukuru ya shiga cikinsu. Inda huji ya zama dole, kamar notocin inji da matoshin baya, huda ramin ya fi girman da ake so, cike shi da kwaɓi, in ya daskare ka sake huda daidai girman notin a tsakiyar kwaɓin, yadda ƙarfe ba zai taɓa katako ba. Sa abin toshewa na jirgin ruwa, irin Sikaflex 291, da noti na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ka bar ƙofar leƙe mai murfi a baya, inda za ka riƙa zura hannu ka ji ko akwai ruwa.

Ba shi mako guda ya gama ƙarfi. Ranar gwaji ka sa rigar ruwa mai hana nutsewa, ka sauke shi a wuri marar zurfi, ka bar shi kamar awa ɗaya ba tare da ka tayar da inji ba, kana leƙa ƙofar nan. In a bushe yake, fara tafiya a hankali, wani ya zauna baya yana kallon allon lokacin da kake ƙara wuta. Ka saurari ƙarar ɓalli ko ƙas-ƙas daga ƙasa. Jirgin zai fi da sauƙi tunda ruwan kumfa ya fita, don haka kada ka yi mamaki in ka ga sai ka sake saita kwanciyar inji. In kun fito, ɗaga hancinsa, zare matoshi ka ga abin da zai zubo. Haka za a riƙa ajiye shi daga yanzu: hanci sama, matoshi a zare, tamfol a kai.